Filin Kimiyya: Me Ya Sa Gishiri Ke Dakuwa, Ƙarfe Kuma Ke Miƙewa?

 

A wannan fitowa mun ɗauko darasin da ake yi tun aji ɗaya na babbar sakandare, amma yake bin ɗalibi har ɗakin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, wato ɗaurin ayon da ɗaurin ƙarfe. Da yawa daga cikinmu mun haddace ma'anarsu tsaf. Sai dai da zarar an juya tambayar an ce “kawo dalili”, sai biro ya tsaya. Haddar da ba a gane ba kuwa, ranar jarrabawa take guduwa. Don haka muka ga ya dace mu faro daga abin da kowa ya taɓa gani da idonsa.

A zuba ɗanyen gishiri mai ƙwaya a turmi, a sa masa taɓarya. Kafin a yi lugude goma ya zama gari. A je maƙera kuma a ga maƙeri ya ɗora ƙarfe a kan uwar maƙera yana dukansa da masaba. Ƙarfen bai farfashe ba, sai faɗi da tsawo yake ƙarawa, har ya zama lauje ko bakin fartanya. Duka dai duka ne, amma sakamakon ya sha bamban. Amsar tana wuri ɗaya: ina ilektaron na waje suka tafi? Wanda ya riƙe wannan tambaya ya riƙe darasin baki ɗaya.

Tuna baya kaɗan

Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, waɗanda a aji muke kira atam. A tsakiyar atam akwai cibiya mai ɗauke da furoton, masu cajin tarawa (+). A kewayenta akwai ilektaron, masu cajin ragewa (−), suna zaune zagaye-zagaye. Wani masani ɗan Ingila, J. J. Thomson, shi ya gano ilektaron a 1897. A atam ɗin da ba a taɓa shi ba, yawan furoton daidai yake da yawan ilektaron, saboda haka cajinsa sifili ne.

Ƙa'ida ɗaya za mu yi ta amfani da ita har ƙarshe: caji mabambanta suna jan juna, caji iri ɗaya suna ture juna.

Sai kuma mu lura da kalmar “ƙarfe”. A gida, in an ce ƙarfe, baƙin ƙarfe ake nufi. A kimiyyar sinadarai kuwa dangi ne babba: zinariya, azurfa, jan ƙarfe, alminiyam, dalma, kuza, tutiya, zaiba, har da sodiyam da magniziyam da kalsiyam duk ƙarafa ne. Abin da ya haɗa su shi ne yawancinsu ilektaron ɗaya, biyu ko uku kawai gare su a zagayen waje, kuma ba su riƙe su da ƙarfi ba.

Ɗaurin ayon: labarin gishiri

Sodiyam ƙarfe ne mai laushi, wuƙa tana yanka shi. In ya taɓa ruwa sai ya hau tafasa, wani lokaci har ya kama da wuta, shi ya sa ake ajiye shi cikin kananzir ko mai a ɗakin gwaji. Kulorin kuma iska ce mai launin ɗorawa-kore, mai guba, wadda aka taɓa yin yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma in waɗannan biyu suka haɗu, abin da ke fitowa shi ne gishirin da muke sawa a miya. Yaya aka yi haka?

Sodiyam yana da ilektaron 11, a jere 2, 8, 1. Kulorin yana da 17, a jere 2, 8, 7. In sun gamu, ilektaron ɗaya tilo na wajen sodiyam sai ya koma kan kulorin. Yanzu sodiyam yana da furoton 11 da ilektaron 10, don haka cajinsa ya zama +1, ana rubuta shi Na⁺, jerinsa 2, 8, irin na iskar niyon. Kulorin kuma yana da furoton 17 da ilektaron 18, cajinsa −1, ana rubuta shi Cl⁻, jerinsa 2, 8, 8, irin na iskar agon. Atam ɗin da ya samu caji ta wannan hanya shi ake kira ayon. Michael Faraday ne ya shigo da kalmar cikin kimiyya a 1834, kuma masani Bajamushe Walther Kossel ya bayyana wannan ƙaurar ilektaron a 1916.

Ga wurin da ake yawan zamewa. In aka tambaye mu mene ne ɗaurin ayon, sai mu rubuta “bayar da ilektaron daga wani atam zuwa wani”. Wannan rabin amsa ce. Ƙaurar ilektaron ita ce ke samar da ayon. Ɗaurin kansa kuwa shi ne ƙarfin jan da ke tsakanin ayon mai (+) da ayon mai (−). Wanda ya bar wannan jumla ta biyu ya bar maki a kan tebur.

Kuskure na biyu shi ne zaton cewa kowane Na⁺ yana manne da Cl⁻ ɗin da ya karɓi ilektaron ɗinsa, su biyu rak, kamar ango da amarya. Ba haka abin yake ba. Caji yana ja ta kowace fuska, bai san wanda ya ba shi ko wanda ya karɓa ba. A cikin ƙwayar gishiri, kowane Na⁺ yana kewaye da Cl⁻ guda shida: gaba, baya, dama, hagu, sama da ƙasa. Kowane Cl⁻ shi ma yana kewaye da Na⁺ guda shida. Haka jerin yake tafiya, ɗaya bayan ɗaya, kamar saƙar tabarma mai launi biyu, sai dai wannan saƙa tana da tsawo da faɗi da kauri. A 1913 ne William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka tabbatar da wannan tsari ta hanyar haska gishiri da hasken eksire. Saboda haka NaCl ba sunan wani ɗan ƙulli mai atam biyu ba ne. Lissafi ne kawai da ke nuna cewa ɗaya bisa ɗaya suke. Wanda ya duba ƙwayar gishiri mai kyau da gilashin ƙara girma zai ga tana da kusurwoyi kamar ɗan akwati, kuma wannan siffa daga jerin cikinta ta fito.

Ba gishirin miya kaɗai ba. Magniziyam (2, 8, 2) yana sakin ilektaron biyu ya zama Mg²⁺, oksijin (2, 6) yana karɓar biyu ya zama O²⁻, sai a samu MgO. Kalsiyam yana sakin biyu, amma kulorin ɗaya kawai yake karɓa, don haka ana buƙatar kulorin biyu: CaCl₂. Dokar rubuta fomula ke nan: jimillar caji dole ta koma sifili. Kanwar da ake sawa a miyar kuka ita ma cike take da ayon na sodiyam da na kabonet.

Ga masu son zurfafawa: mukan ce sodiyam “yana son” ya cika zagayensa takwas. Wannan salon magana ne kawai don sauƙaƙawa, atam ba shi da buri. Gaskiyar ita ce cire ilektaron daga sodiyam ma kashe kuzari ake yi, kimanin kilojul 496 a kowane mol. Kulorin in ya karɓa yana sakin kimanin 349. In da nan lissafin ya tsaya, da an faɗi. Ribar tana zuwa ne lokacin da ayon ɗin suka jeru cikin saƙarsu, inda ake sakin kimanin kilojul 787. Wato jeruwar ce ke biyan bashin.

Halayen da wannan ɗauri ke haifarwa

Na farko, wuyar narkewa a wuta. Tun da kowane ayon yana riƙe da maƙwabta ta kowane gefe, sai an sa zafi mai yawa kafin jerin ya warware. Gishiri yana narkewa a digiri 801 na ma'aunin Salshiyas. MgO kuwa sai an haura digiri 2,800, domin cajinsa biyu-biyu ne kuma ayon ɗinsa ƙanana ne, jan ya fi tsanani. Shi ya sa ake amfani da shi wajen lulluɓe cikin manyan tanderun narka ƙarfe.

Na biyu, saurin fashewa. Nan ne amsar turmi. In taɓarya ta sauka, wani layi na ayon yana ɗan gocewa. Gocewar taki ɗaya kawai ta isa ta sa (+) ya fuskanci (+), (−) ya fuskanci (−). Nan take jan ya koma turi, sai ƙwayar ta tsage. Gishiri yana da tauri, amma ba shi da juriyar gocewa.

Na uku, batun lantarki. Kafin lantarki ya ratsa abu, dole a samu wani mai caji da ke iya tafiya. A busasshen gishiri akwai masu caji jingim, amma kowa a daskare yake a gurbinsa, don haka wuta ba ta wucewa. In aka narkar da shi da zafi, ko aka jiƙa shi a ruwa, ayon ɗin sun samu sakewa, sai su ɗauki caji su yi tafiya. A kula: a nan ayon ne ke tafiya, ba ilektaron ba. Wannan ma wuri ne da ake yawan asarar maki.

Na huɗu, da yawansu suna narkewa a ruwa, amma ba sa narkewa a kananzir ko fetur. Mun ce da yawansu, ba mu ce duka ba. Farar ƙasar dutsen da ake yin siminti da ita, wato kalsiyam kabonet, da kyar take narkewa a ruwa.

Ɗaurin ƙarfe: dukiyar gandu

To, in babu kulorin a kusa fa? A cikin wayar jan ƙarfe ko tukunyar alminiyam, atam ɗin duk iri ɗaya ne. Kowa mai saki ne, babu mai karɓa. Ina ilektaron za su?

Abin da ke faruwa ya yi kama da noman gandu. A gandu ba a cewa wannan kunya ta wane ce, waccan ta wane. Kowa ya kawo ƙarfinsa, amfanin kuma na gida ne baki ɗaya. Haka kowane atam na ƙarfe yake sakin ilektaron ɗinsa na waje su shiga taron jama'a. Atam ɗin sun zama ayon masu (+), a jere layi-layi, ilektaron ɗin kuma suna yawo a tsakaninsu ba tare da sun zama na wani atam guda ba. Littattafai suna kiran wannan “tekun ilektaron”. Paul Drude, shi ma Bajamushe, ya kawo asalin wannan hoto a 1900, shekara uku kacal bayan gano ilektaron.

Saboda haka ma'anar da za mu rubuta ita ce: ɗaurin ƙarfe shi ne ƙarfin jan da ke tsakanin ayon masu (+) na ƙarfe da ilektaron masu yawo da ke kewaye da su. A lura, a nan ma ja ne tsakanin (+) da (−). Bambancin shi ne, a gishiri cajin (−) yana daskare a kan ayon, a ƙarfe kuwa yana gudana.

Daga wannan bambanci guda sauran halayen suka fito.

Miƙewa da lanƙwasuwa. In masaba ta sauka, layin ayon yana gocewa a kan ɗan uwansa, kamar yadda ya faru a gishiri. Amma a nan ilektaron suna bin su duk inda suka koma, suna shiga tsakani. Maƙwabci ya canza, ɗaurin yana nan. Shi ya sa maƙeri ke iya fitar da lauje, ake jan jan ƙarfe ya zama siririyar waya, ake buga zinariya ta zama falle wanda ya fi takarda sirantaka nesa ba kusa ba. Zuga wutar da maƙeri ke yi kafin duka tana ƙara sauƙaƙa wannan gocewa ne.

Ɗaukar lantarki. Ilektaron a sake suke tun asali, don haka da an haɗa batir sai su karkata gefe guda. Ƙarfe ba ya buƙatar a narkar da shi. Azurfa ce ta fi kowane ƙarfe iya wannan aiki, jan ƙarfe na biye da ita. Tsada ce ta sa ake yin wayar gida da jan ƙarfe. Manyan wayoyin da ke kan dogayen turaku kuwa galibi alminiyam ne, saboda ba shi da nauyi.

Ɗaukar zafi. Ilektaron ɗin nan dai su ne ke kwasar zafi daga gindin tukunya su watsa shi ko'ina cikin hanzari. Shi ya sa cokalin ƙarfe da aka bari a miya yake ƙona hannu, muciya kuwa ana tuƙa tuwo da ita lafiya lau.

Ƙyalli. Ilektaron masu yawo suna mayar da hasken da ya faɗo musu, shi ya sa sabuwar tukunya ke sheƙi.

Ƙarfin ɗaurin bai zama ɗaya a duk ƙarafa ba. Sodiyam, mai ba da ilektaron ɗaya, yana narkewa a digiri 98, ƙasa da zafin tafasar ruwa. Magniziyam, mai ba da biyu, sai a 650. Alminiyam 660, abin da wutar gawayi mai zuga take iya kaiwa, shi ya sa masu zubin tukwane a garuruwanmu ke narka tsofaffin gwangwanaye su zuba sabuwar tukunya. Jan ƙarfe 1,085, baƙin ƙarfe 1,538, tangistan da ake yin zaren tsohon ƙwan lantarki da shi 3,422. Zaiba kuwa ruwa ce a zafin ɗaki, sai sanyi ya kai digiri 39 ƙasa da sifili take daskarewa. Don haka in za mu rubuta cewa ƙarafa suna da wuyar narkewa, mu sa kalmar “galibi”.

Wannan hoto yana kuma bayyana dalilin gauraya ƙarafa. Tsantsar ƙarfe layukansa sumul suke, gocewa ba wuya. In aka cusa atam masu wani girma daban, sai su zama kamar tsakuwa a ƙarƙashin ƙofa, layin ya kasa zamewa, ƙarfen ya ƙara tauri. Tagulla gaurayen jan ƙarfe da kuza ce. Rodin gini baƙin ƙarfe ne da aka sa wa ɗan kabon kaɗan. Zinariya mai karat 24 ita ce tsantsa, kuma tana da laushi. Mai karat 18 kashi 75 cikin ɗari ce zinariya, sauran wasu ƙarafa ne da ke ƙara mata ƙwari.

A taƙaice, gefe da gefe

Su wa ke haɗuwa? Ayon: ƙarfe da wanda ba ƙarfe ba. Ƙarfe: atam na ƙarfe zalla.
Ina ilektaron na waje? Ayon: sun koma kan wani atam sun zauna. Ƙarfe: suna yawo, na kowa da kowa.
In an doka? Ayon: ya tsage. Ƙarfe: ya miƙe.
Lantarki a daskare? Ayon: a'a. Ƙarfe: e.
Lantarki a narke? Duka biyun e.
Wa ke ɗaukar cajin? Ayon: ayon ɗin kansu. Ƙarfe: ilektaron.

Tarko ɗaya da masu jarrabawa ke so: bakin fensir. Girafait ne, wani nau'in kabon, ba ƙarfe ba, amma yana ɗaukar lantarki, domin shi ma yana da ilektaron masu yawo a tsakanin fallayensa. Don haka ba duk mai ɗaukar lantarki ne ƙarfe ba.

Gwajin da za mu iya yi

A nemi batir mai bolt 9, ɗan ƙaramin ƙwan tocila, da wayoyi uku. A haɗa su a bar giɓi tsakanin bakin waya biyu. Sai a gwada cike giɓin da abubuwa huɗu, ɗaya bayan ɗaya: cokalin ƙarfe, busasshen gishiri, ruwan gishiri mai kauri, da ruwan sukari. Cokali zai kunna ƙwan sosai. Busasshen gishiri ba zai yi komai ba. Ruwan gishiri zai kunna shi, ko da hasken bai kai na cokali ba, musamman in an matso da bakin wayoyin kusa da juna ba tare da sun taɓa ba. Ruwan sukari kuwa ba zai taɓuka abin kirki ba, domin sukari yana narkewa ne ba tare da ya rabu zuwa ayon ba. A yi gwajin a gaban malami, a wuri mai iska, kuma kada a bar wayoyin su daɗe cikin ruwan gishirin.

Gargaɗi: batir kawai. Kada wani ya kuskura ya gwada wannan da wutar soket ko ta janareta. Darasin da kansa ya faɗa mana dalili. Ruwan rijiya da na famfo suna ɗauke da ayon, zufarmu gishiri ce, jininmu ma haka. Jiƙaƙƙen hannu hanya ce buɗaɗɗiya ga lantarki. Wanda ya fito daga wanka ko alwala ya tsane hannunsa kafin ya taɓa soket, cajar waya ko hitar ruwa, kuma a cire hita daga wuta kafin a sa hannu a bokiti. Mu kai wannan saƙo gida ga ƙannenmu.

Tambayoyin wannan fitowa

1. Alminiyam yana da jeri 2, 8, 3, oksijin kuma 2, 6. Rubuta ayon ɗin kowanne da fomular abin da za su haifar.
2. Me ya sa MgO ya fi NaCl wuyar narkewa?
3. Wani ɗalibi ya rubuta cewa ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki saboda ilektaron masu yawo. Gyara masa.
4. Kawo dalilin da ya sa tagulla ta fi tsantsar jan ƙarfe tauri.

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Juma'a. Za mu kai wa malaman kimiyya su duba, mu kuma liƙa sunayen waɗanda suka ci duka huɗun a fitowa ta gaba, inda za mu ɗauko ɗauri na uku, wanda atam biyu ke tarayya a kan ilektaron, irin na ruwa da sukari. Malamanmu, in kun ga gyara a wannan rubutu, ƙofarmu a buɗe take.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu fita kunyar jarrabawa. Amin.

Daga Sashen Kimiyya, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta